Kyautar attajiri ga makarantar zane: wa ke biyan kuɗinta?

Ƴan uwa ɗalibai, idan aka ce wani attajiri ya zuba miliyoyi a jami'a don a koyar da zane ko fim ko kiɗa, sai kowa ya ce madalla. To amma kafin mu tafa, mu dubi abin da ya faru a jami'ar USC ta birnin Los Anjalas, a Amurka.

A 2006, Edward Roski da matarsa Gayle suka ba makarantar zane ta jami'ar dalar Amurka miliyan 23, aka sa mata sunansu. Sana'ar Roski kuwa ita ce sayen filaye da gine-gine. A 2013 Jimmy Iovine da Dr. Dre, masu kamfanin Beats, suka ba da miliyan 70 aka kafa wani sashe da ke haɗa zane da fasahar kwamfuta da kasuwanci. Shekara biyu bayan haka, a Mayun 2015, ɗalibai bakwai na ajin farko na digirin mastas a zane suka fice gaba ɗayansu. Kukansu shi ne an sauya musu alkawarin tallafin karatu, an taɓa malamai da tsarin darussa, ga bashi na jiransu. Shugabar makarantar a lokacin ita ce kuma ke jagorantar sabon sashen na masu Beats.

Ba sai mai kyauta ya buga waya ya ba da umarni ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaranta da kanta za ta gane irin zanen da ke jawo kuɗi, wanda ba ya jawowa kuma ya koma ɗan bora.

Sai batun unguwa. USC tana kudancin birnin, inda baƙaƙen fata da ƴan asalin Latin Amurka masu ƙaramin ƙarfi suka daɗe da zama. A 2017 jami'ar ta buɗe USC Village, gini na dala miliyan 700, a wurin da tsohuwar cibiyar shagunan unguwa take. Yadda abin ke tafiya sananne ne: ɗalibai masu kuɗi su cika wuri, mai gida ya ga ya fi samu idan ya ba su haya ɗaki-ɗaki, iyalin da suka shekara ashirin a gidan su kwashe kaya. Gaskiya jami'ar ta yi alkawarin miliyan 20 don gidajen masu ƙaramin ƙarfi, amma ku auna 20 da 700.

Wani zai ce, to a ƙi kuɗin ne? A'a. Makaranta na bukatar kayan aiki, ɗan talaka na bukatar tallafi. Abin da ya kamata shi ne a karɓa da sharaɗi: a bayyana yarjejeniyar kowa ya karanta, mai kyauta ya cire hannunsa daga zaɓen malamai da darussa, ɗalibai da mutanen unguwa su samu kujera a wurin yanke shawara, kuma a lissafa tashin haya cikin kuɗin aikin tun kafin a kafa tubali.

Mu da ke son rubutu da zane, wannan ya shafe mu kai tsaye. Ranar da aka kawo mana irin wannan kyauta, mu fara tambayar wanda zai bar gidansa saboda ita, sannan mu yi godiya.