Take da Kirari: Ma'ajiyar Tarihin Kakanni Mafarauta

Ƙofar Durbi tana gabashin birnin Katsina, ta nan mai nufin Mani da Daura ke fita. Daga sarautar Durbi ta samo sunanta, kuma a ƙasar Mani ɗin ne Durbi ta Kusheyi take, inda tuddan kaburburan sarakunan dauri suke, waɗanda Bature Palmer ya fara tonawa a 1907. Su sarakuna an tara musu ƙasa, an jera sunayensu. To, tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa tsakanin gona da dawa, wanda in ya ji ganga sai tsikar jikinsa ta tashi, a ina aka ajiye nasa labarin? Duk wanda ya tashi a gidan farauta ya san amsa: a takensa da kirarinsa.

Mazan dawa iri biyu ne, kuma kowa da kiɗansa. Maharbi shi kaɗai yake shiga da kwari da baka ko bindigar toka, ya yi kwanton ɓauna, ya san itatuwan magani, shugabansa Sarkin Baka. Shi komo ake kaɗa masa, babbar garaya mai tsirkiya biyu, ƙwarya rufe da fata, da ceba a kan gora tana caccaka duk sanda aka taɓa tsirkiya. Mafarauci kuwa ɗan taro ne. Sai an gama kaka, an shigar da amfani, dawa ta bushe, sannan a sa rana. Gari da gari a haɗu, karnuka a gaba, kowa da gora da adda da warki, maƙadin gangi na biye, ana busa ƙaho.

A irin wannan fita take ke samuwa. Makaɗi yakan ware wa namiji nasa kiɗan, wanda ko daga bayan tudu aka jiyo shi an san wa ake kira. Da ya ji sai ya zabura, ya ɗaga makami, ya shiga kirari da bakinsa: ɗan wane ne shi, wa ya koya masa dawa, wace dawa ya kwana, wane nama ya kayar, wa ya ja da shi a kan nama ya sha kashi. Har karensa yakan samu shiga da suna. Wanda ya iya sauraro zai tsinci salsalar gida da taswirar dazuzzuka a cikin 'yan layukan da ba su wuce numfashi uku ba.

Nan ƙarfin wannan fanni yake, nan kuma rauninsa. Kirari ba ya faɗin ranar da aka dawo hannu rabbana. Ba ya ambaton matar da ta dama furar guzuri tun asuba, ko shekarar da fari ya cinye gero. Zuga ce aikinsa, domin wanda zai tari kura ba ya bukatar a tuna masa tsoro. Saboda haka mai neman tarihin kakansa a kirari sai ya tankaɗe shi kamar gari: sunayen mutane da na wurare sukan tsaya daram, amma yawan namun da aka ce an kashe, a nan sai a yi hattara.

Masana ba su raina fannin ba. Anthony King ya yi bincikensa na kiɗa a Katsina, kuma littafin da shi da David Ames suka fitar a 1971 ya jera kayan kiɗan Hausa tare da bayanin wanda ake kaɗa wa kowanne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ba makaɗan maza gurbinsu a rabe-raben makaɗan Hausa. A cikinsu Kassu Zurmi na ƙasar Zamfara ya fi fice, wanda ya waƙe mafarauta da 'yan tauri, aka kuma yi dace muryarsa ta shiga kaset. Amma dace ne. Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya rasu a 1999, ya bar waƙoƙi birjik saboda gidajen rediyo da masu faifai sun bi shi. Makaɗin gangi na unguwa ba wanda ya bi shi da rikoda. Ran da ya kwanta dama, taken mazaje da yawa sun bi shi kushewa, don take ba ya rayuwa sai da hannun da ya san shi.

Abin da ya tsira, jikoki ne suka tsirar da shi, kuma akwai dalili. Ɗa ba ya zama ya tsare mahaifinsa da tambaya, balle ɗan fari da kunya ta shiga tsakaninsu. Jika kuwa abokin wasa ne. Shi ne zai shigo zaure ya tarar da tsoho a kan buzu, tsohon kwari na rataye a bango, ya ce: "Tsoho, kurar nan taka dai, anya ba zomo ba ne?" Sai tsoho ya gyara zama ya ce: "Kai, ja'iri, zo nan ka ji." Ya naɗe hannun riga ya nuna tabon, ya kwaikwayi takensa da baki yana buga cinya, ya kawo labarin tun daga fitarsu ƙofar gari. Abin da uban yaron bai taɓa ji ba, yaron ya haddace shi a zama ɗaya.

Wasu gidajen sun bar take da kirari da gangan, saboda akwai kirarin da ke alfahari da tsafi da iskoki, kuma malamai sun yi gaskiya da suka ƙi wannan. Mamaci addu'a yake bukata kafin komai. Sai dai watsar da kirarin gaba ɗaya asara ce, don tare da abin ƙin aka zubar da sunayen iyaye da na garuruwa.

Ita kanta dawar ta sauya. Bayan Ƙofar Durbi gidaje da kwalta sun cinye fili. Dajin Rugu, da ke yammacin Jihar Katsina ta wajen Safana da Batsari, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, ba mai shiga da kare da gora. Mafarautan da suka nausa kudu neman dawa ma ba su tsira ba: a watan Maris na 2025 aka kashe 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin Sallah. Inda ba a fita, ba a yin sabon take.

Har yanzu akwai tsofaffi a lungunan Katsina da ƙauyukan Mani da suka riƙe nasu kirarin da na iyayensu. Mai kaka irin wannan, wayar da ke aljihunsa ta isa: ya zauna da shi, ya tsokane shi, ya ɗauki muryarsa, ya tambayi sunan makaɗinsa da dajin da ya fi shiga, ya rubuta a ajiye wa 'yan baya. Wanda nasa ya riga mu gidan gaskiya, ya nemi abokan farautarsa tun suna da sauran numfashi.