Abin da Jini Yake Faɗa Kafin Tiyata

Kansar ƙwan mace ciwo ne mai zuwa a sace. Ƙwan yana can cikin ƙugu a gefen mahaifa, inda ƙari zai yi watanni yana girma bai tayar wa kowa da hankali ba. Abin da mace take ji bai wuce kumburin ciki ba, da saurin ƙoshi, da yawan fitsari, sai ta ga riga ta fara matse ta. Sai a ce olsa ce, ko ƙiba. Shi ya sa galibi ba a gane shi sai ya yaɗu. A 2020 mata fiye da 300,000 ne suka kamu da shi a duniya, fiye da 200,000 kuma suka rasu.

Ga inda aikin likitan mata yake da wuya. Hoton ciki ya nuna ƙari a ƙwai. A wasu gaɓoɓin, sai a tsira allura a ɗebo tsoka a duba. A nan kuwa ana gudun haka idan ƙarin bai nuna alamar yaɗuwa ba, domin in kansa ce a ciki kuma jakar ta fashe, ƙwayoyin cutar za su watsu a cikin ciki. Dole likita ya yanke shawara tun bai ga ainihin abin ba: wa zai yi tiyatar, shi ko ƙwararren likitan kansar mata? Za a yi ɗan huji ne a shiga da kyamara, ko za a tsaga ciki a tsaye a duba ko'ina? A tanadi jini leda nawa? Matar da aka yi wa aikin farko daidai ta fi samun tsawon rai, da yardar Allah, kuma ba a yin aikin farko sau biyu.

Tsohon abokin aikin likita a nan shi ne gwajin CA-125, wani sinadari da ake aunawa a jini, wanda Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a Boston ta Amurka a 1981. In ya haura 35 ana sa ido. Sai dai yana tashi ne a kusan rabin matan da ciwonsu ke matakin farko kawai, kuma jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa, ciwon hanta da tarin fuka na ciki duk suna iya ɗaga shi. A 1990 Ian Jacobs a Landan ya haɗa shi da wasu abubuwa biyu ya zama lissafi: makin abin da hoto ya nuna, sau makin daina al'ada, sau adadin CA-125. Matar da ta daina al'ada, hotonta ya nuna ƙari mai ɗakuna da kuma ruwa da ya taru a cikinta, CA-125 ɗinta 60, lissafinta 3 sau 3 sau 60, wato 540. Abin da ya wuce 200 a tura shi wajen ƙwararru.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda likitoci suka koyi sauraron wata shaida da ke kwance a takardar gwajin da akan yi wa mai shirin shiga tiyata, wato daskarewar jini. Asalin wannan ilimi ya tsufa. A 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya bayyana cewa gudan jini da ke fitowa a jijiya ba gaira ba dalili yana iya zama alamar kansa a ɓoye. A 1867 ya ga irin wannan a hannunsa na hagu, ya gane abin da ke tafe, kuma kansar ciki ce ta yi ajalinsa a shekarar.

Dalilin kuwa, ƙwayoyin kansa suna fitar da sinadarin da ke kunna daskarewar jini kamar an ji rauni. Hanta ta ƙara sarrafa fibirinojin, wanda a lafiyayye yake tsakanin giram 2 zuwa 4 a lita, shi ne kuma yake rikiɗa ya zama zaren da ke saƙa gudan jini. Jiki kuma yana bi yana narkar da zaren, ɓurɓushin da ya rage shi ake aunawa da sunan D-dimer. Sai filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni. Wani bincike da aka buga a 2012, ƙarƙashin jagorancin Anil Sood na cibiyar MD Anderson a Houston, ya duba mata 619 masu wannan kansa, ya tarar kashi 31 cikin ɗari filatilet ɗinsu ya haura 450,000 tun lokacin da aka gano ciwon. Ƙarin ne ke aika sinadari zuwa hanta, hanta ta zuga ɓargo ya yi ta ƙera su.

Gwanintar tana farawa tun daga ɗaukar jinin. Kwalbar gwajin daskarewa mai shuɗin murfi ce, da ɗan ruwan magani a gindinta, kashi ɗaya ga kashi tara na jini. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya barin ɗaurin hannu ya daɗe, yana cika kwalbar daidai layi, ya juya ta a hankali ba girgizawa, ya kai ta ɗakin gwaji da wuri. In ta gaza layi, sakamakon ya lalace tun kafin a sa ta a inji.

Sannan karatu. D-dimer kamar toka ce a murhu: ta nuna an hura wuta, ba ta faɗi abin da aka dafa ba. Tsufa na ɗaga shi, haka juna biyu, zazzaɓi mai tsanani, tiyatar da ba ta daɗe ba. A ƙasashenmu sai likita ya ƙara tambaya: Hajiya, akwai sikila a gidanku? Domin mai sikila D-dimer ɗinta kan kasance sama ko tana lafiya. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe yana ɗaga filatilet, maleriya kuma tana saukar da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da ke tabbatar da kansa shi kaɗai, kuma duk wanda ya ce da ke haka, ki nemi wani likitan. Amma idan CA-125 ya tsaya a kan iyaka, hoto bai fito fili ba, sai ga fibirinojin da D-dimer da filatilet duk sun tashi a matar da ba ta zazzaɓi, likita mai lura ba zai ɗauki ƙarin nan da sauƙi ba. Bincike da dama sun nuna waɗannan adadi sun fi tashi a ƙari mai kansa, kuma suna ƙaruwa yayin da ciwon ke yaɗuwa.

Akwai amfani na biyu, wanda a ganina ya isa a girmama gwajin ko da shi kaɗai ne. Babban ƙari yana danne jijiyoyin ƙugu, jinin ƙafa ya yi ta tafiyar hawainiya, ga shi dama yana saurin daskarewa. Gudan jini na iya kwanciya a ƙafa shiru, ya ɓalle lokacin tiyata ya toshe huhu. Nau'in kansar da ƙwayoyinta ke fitowa garai-garai a madubin likita, wanda ya fi yawa a Japan, ya fi sauran haddasa wannan. Saboda haka idan D-dimer ya yi sama sosai, likita kan ɗauko tef ya auna kaurin sha-raɓar ƙafafu biyu, ya aika a yi hoton jijiyoyin. In an ga guda, a fara allurar heparin mai tsinka jini, a sake tsara ranar aiki. In ba a gani ba, a sa mata safa mai matse ƙafa, a tashe ta tafiya da wuri bayan tiyata, kuma idan kansar ta tabbata a ci gaba da allurar har mako huɗu, ko da an sallame ta gida.