Mai tsara shigar amarya ta fara da kasuwa kafin waya

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta kunno kai a Maiduguri. Mai yin ta ba tela ba ce, ba kuma mai kwalliya ba, amma ita ke zaɓar wa amarya yadi, ta gaya wa tela irin ɗinkin da zai yi, ta haɗa laffaya da takalmi da sarƙa, daren wushe-wushe kuma ta tsaya a kanta har a gama ɗaukar hoto. 'Yan matan unguwar Bulabulin, da Monday Market ke bakin ƙofarsu, sun fara ɗokin shiga sana'ar.

Ba na cikin masu cewa zaman banza ne aka yi wa suna. Da can gwaggo ko yayar amarya ce ke wannan hidima kyauta. Yanzu shagulgulan biki sun yawaita, kowanne da shigarsa da ankonsa, dole a sami mai riƙe lissafi, kuma haƙƙinta ne a biya ta.

Abin da ke damuna shi ne inda ake koyon aikin. Da yawa a Instagram da TikTok suke karatunsu, suna kwaso matsattsiyar riga da gwaggwaro mai hawa-hawa daga bukukuwan Legas. Sai ka ga amaryar Barno ba ka bambanta ta da ta Abuja. Alhali a Kano da Kaduna, mai gyaran jiki ta ce ita 'yar Maiduguri ce ma ya ishe ta talla, saboda dilka da humra da turaren wuta. Laffayar da matanmu ke yafawa, irinta ake ado da ita a Chadi da Sudan da Muritaniya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka wadda za ta fara, ta fara da rumfar masu yadi. Ta koyi gane shaddar Getzner da jabunta ta hanyar taɓawa, ta san laffayar da ke zamewa da wadda ke zama a jiki, da launin da ba ya jure ranar Maiduguri. Ta zauna a shagon tela ta ga yadda alkawari ke rushewa idan salla ta gabato. Ta durƙusa gaban wata iya ta koyi naɗin laffayar da amarya za ta zauna, ta tashi, ta gaida surukai bai kwance ba. Ango ma yana da rabo: tun da rikicin Boko Haram ya koro mutanen Bama a 2014, ƙwararrun masu ɗinkin hula suka ƙaru a garin nan, kuma sanin hular Zanna ta hannu daga ta inji ilimi ne mai kawo kuɗi.

Sai batun amana. Gobara ta cinye Monday Market a watan Fabrairun 2023, ambaliyar madatsar Alau ta biyo baya a Satumban 2024, ta shafi Bulabulin da Gwange da sauran unguwanni. Iyayen da ke aurar da 'ya'ya yau ƙirga kowace naira suke yi. Mai tsara shiga da ke karɓar la'ada a ɓoye wajen mai yadi, sannan ta caji uwar amarya, biki biyu za ta yi a gano ta. Ta faɗi kuɗin aikinta tun farko, ta nuna rasit, ta kuma iya cewa, “Hajiya, wannan leshin na cikin lefe ya isa, ba sai an sayi sabo ba.”

Hoto yana jawo mabiya, amma a unguwa irin Bulabulin uwar amarya ce ke gaya wa maƙwabciyarta wadda za ta kira.