Zaɓin Littafi da Ra'ayin Masu Karatu a Cikin Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba yadda mutanen cikin birnin Kano suke zaɓen abin da za su karanta, da yadda suke musayar ra'ayi a kan littattafai. Galibin nazarce-nazarcenmu sun tsaya ne a kan marubuci da jigo da salo. Mai karatu kuwa, wanda dominsa aka yi littafin, ba kasafai muke tambayar ra'ayinsa ba. A ganinmu, hirar da masu karatu ke yi a tsakaninsu wani nau'i ne na tarken adabi, kuma sau da yawa ita ke raya littafi ko ta kashe shi tun kafin manazarci ya ji labarinsa.

2.0 Lokacin da Ake Zaɓa wa Mai Karatu

Karatu ba baƙo ba ne a Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda Shaihu Magili ya zauna a Kano a lokacinsa, littafi yake da daraja a birnin, kuma har yau ana sayar da littattafan addini a Kasuwar Kurmi. To, amma a karatun zaure ɗalibi ba ya zaɓa wa kansa. Malam ne zai ɗora shi a kan Ahalari ko Ishmawi, daga nan Iziyya, sai Risala, har ya kai ga Askari. Ra'ayin ɗalibi a kan littafin bai taso ba, sai dai ya nemi albarkarsa.

Zuwan boko bai sauya wannan tsari sosai ba. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, waɗanda suka zama littattafan aji. Watau dai hukuma ta zaɓa, malamin makaranta ya karantar, yaro ya haddace don jarrabawa.

3.0 Lokacin da Mai Karatu Ya Fara Zaɓa

Abubuwa biyu suka kawo canji. Na farko, shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, sun yawaita masu iya karatun boko, musamman mata. Na biyu, matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya raunana kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A haka Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma a 1991. Waɗannan marubuta biyu, tare da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa, suna cikin ƙungiyar Raina Kama.

Babu wata manhaja da ta tilasta wa kowa sayen waɗannan littattafai. Baki ne ya tallata su. Matar aure da ke kulle takan aiki yaro shagon haya ya karɓo mata littafin da maƙwabciya ta yaba. 'Yan mata sukan yi ta miƙa wa juna kwafi ɗaya har bangonsa ya cire. Mai shagon haya shi ma alƙali ne, domin ya san littafin da ake layi a kansa da wanda ƙura ta rufe. Daɗin daɗawa, marubuta da yawa sukan sa adireshinsu a littafi, masu karatu su aiko da wasiƙu, wani lokaci ma a buga su a kashi na gaba.

4.0 Ma'aunin Masu Karatu

Idan muka saurari wannan hira da kyau, za mu tarar da ma'auni uku. Akwai daɗi, watau ko labarin ya riƙe mutum. Akwai darasi, watau abin da aka ƙaru da shi. Sannan akwai gaskiya, watau ko abin yana faruwa a gidajenmu. Alal misali, ƙarfin Alhaki Kwikwiyo Ne (1990) yana ga ma'auni na uku. Labarin Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ba ya bukatar a yi wa matar cikin birni sharhinsa. Haka kuma muhawarar da aka yi a kan faɗawar Sumayya rijiya a In Da So Da Ƙauna, a kan ma'aunin darasi aka yi ta.

Duk da haka, wannan ma'auni yana da rauni. Ba kasafai yake kula da ƙa'idojin rubutu ko tsarin labari ba. Kuma da zarar wani jigo ya karɓu, sai marubuta su yi masa rubdugu, domin kasuwa ba ta son kasada. Wannan na daga cikin abin da Ibrahim Malumfashi ya hango a shekarun 1990 lokacin da ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya mayar masa da martani a jaridu. Sai dai a lura, masana ne suka yi ta jayayya a kan masu karatu, su kuwa masu karatun ba su da kujera a zauren.

5.0 Kammalawa

Rashin sauraron mai karatu yana da illa. A 2007 gwamnatin Jihar Kano, ta hannun shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta. Wannan yunƙuri ne na komawa ga tsohon tsari, inda wani ke zaɓa wa mai karatu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya saba zaɓa wa kansa ba ya komawa baya. Yanzu hirar ta ƙaura zuwa wayar hannu, ana karanta labarai a Wattpad da WhatsApp, ana sauraronsu a YouTube, mai karatu yana faɗa wa marubuciya ra'ayinsa tun ba ta gama babi na gaba ba.

Saboda haka muna ba da shawara ga sassan koyar da Hausa, musamman na Jami'ar Bayero, da su tura ɗalibai cikin unguwanni su tattara wasiƙun masu karatu da bayanan tsofaffin masu shagon haya kafin su salwanta. Idan muna so mu gyara ɗanɗanon mai karatu, wajibi ne mu fara sanin abin da yake karantawa da dalilin da ya sa ya zaɓe shi.