Kada a sallami 'yan amshi

Akwai wani wuri a wasan Agamemnon da ba ya fita raina. Sarki Agamemnon ya dawo daga yaƙin Troy bayan shekara 10, ya shige gida, sai aka jiyo ihunsa. Matarsa Kilaitemnestra ce ta ritsa shi a wurin wanka, tana ɗaukar fansar 'yarsu Ifijiniya da ya yanka domin iska ta kaɗa wa jiragen yaƙinsa. A ƙofar fada ga dattawan birnin Argos su 12. Me suka yi? Gardama. Wannan ya ce a fasa ƙofa, wancan ya ce a tara mutanen gari, wani ya ce a dakata a tabbatar tukuna. Suna cikin haka ƙofa ta buɗe, ga gawar sarki a kwance.

Haka marubucin wasan, Eskilus, ya tsara shi lokacin da aka fara nuna Oresteia, jerin wasannin da Agamemnon ke ciki, a Atina a shekarar 458 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba a kisa a gaban 'yan kallo, kunne ne ke gani. Dattawan nan kuwa su ne 'yan amshi, masu waƙa da sharhi, bakin jama'ar gari.

Yayin da ake yi yanzu shi ne a sallame su. Robert Icke ya yi haka a gidan wasan Almeida na Landan a 2015: ya cire 'yan amshi, ya kawo mutuwar Ifijiniya fili, yarinya ƙarama tana shan maganin da zai kashe ta a hannun ubanta. Gwaninta kam ya yi, ban musa ba. Amma da aka kore mutanen gari, sai labarin ya koma rikicin gida ɗaya, mu kuma masu leƙe ta katanga. Alhali gabar jini ba ta daɗewa sai da maƙwabtan da suka ji ihu suka tsaya shawara.

Yael Farber ta Afirka ta Kudu ta gane wannan. A wasanta Molora, wanda ya sake ba da wannan labari, ta mai da dandalin zaman Hukumar Gaskiya da Sulhu, ta ɗauko matan Xhosa na ƙauyen Ngqoko masu waƙar maƙogwaro ta ba su matsayin amshi. Da 'ya'yan Kilaitemnestra suka zo kan uwarsu domin ɗaukar fansar ubansu, matan nan ba gardama suka tsaya yi ba. Tashi suka yi suka shiga tsakani, kuma a wannan wasan uwar ba ta mutu ba.