Jinjina ga Marubutan da Ke Buɗe Ƙullin Zumunci

Tun da Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka riƙe alƙalamin soyayya da ƙarfi. Amma yau jinjinata ta fi karkata ga masu saƙa labarin asirin gida.

Kowa ya san irin labarin. Yarinya ta tashi a hannun gwaggonta tana kiranta Umma, sai ana gab da ɗaurin aure wata tsohuwa ta ce ai yarinyar da angon nono ɗaya suka sha, aure ya haramta. Ko mahaifi ya rasu, ranar rabon gado wani saurayi ya yi sallama, kamanninsa kaɗai sun isa shaida. Wasu na cewa ƙirƙira ce ta wuce gona da iri. Ni kuwa na ce rayuwarmu ce: riƙo, shayarwa, sakin aure da auren ɓoye duk suna cikin gidajenmu, kunya ce kawai ke hana a faɗa.

Gwanintar waɗannan marubuta ita ce haƙurin ɓoye zaren har littafi na uku, su sa ka tausaya wa uwar da ta yi shiru shekara ashirin, ba ka tsine mata ba. Wannan aiki ne mai wuya.

An ƙona littattafai a Kano a 2007, ba su daina rubutu ba. Mai karatu, sayi littafinsu da kuɗinka, ka daina karɓar na sata a WhatsApp.