Takardar ITIL da mai POS na Tsamiya

Samarinmu masu karatun kwamfuta sun shiga yayin neman takardar shaidar ITIL. Ba laifi ba ne, ko ba komai tana taimakawa wajen neman aiki. Damuwata ita ce da yawansu sun haddace amsoshin jarrabawa, amma ba su san dalilin da ya sa aka kafa tsarin ba.

Gwamnatin Birtaniya ce ta fara tattara shi a ƙarshen shekarun 1980, don ta daidaita yadda ma'aikatunta ke kula da ayyukan kwamfuta. ITIL 4 ya fito a 2019. Tambayoyin da tsarin ke amsawa dai suna nan yadda suke: in aiki ya tsaya, wa zai karɓi koke, cikin awa nawa za a gyara, kuma me za a yi don kada a maimaita?

Je ka Tsamiya, a kan hanyar Segbana ta Benin, ka tsaya wajen mai POS ranar kasuwa. Mutumin Geza ya miƙa kati, alat ya shigo an cire masa kuɗi, na'ura kuma ta fito da takarda ta ce bai wuce ba. Mai POS ya ce, "Alhaji, wallahi sabis ne." Shi ma bai san wanda zai kira ba. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan cikin awa 72, amma umarni ba ya ɗaga waya. Sai in akwai tsari a cikin kamfanin POS ɗin: a ba mai koke lamba, wani ma'aikaci takamaimai ya ɗauki nauyinta har kuɗin su dawo.

Sannan mayar wa mutum ɗaya kuɗinsa daban, gano abin da ke sa na'urar ta riƙa gazawa duk ranar kasuwa daban. ITIL ya raba ayyukan biyu da gangan. A ganina nan ne aka fi yin sakaci, domin aikin na biyu ba shi da mai tsayawa a kanka yana faɗa.

Kuma ba kowa ke buƙatar dukkan dabaru 34 na ITIL 4 ba. Shagon kwamfuta mai ma'aikata uku a Bagudo, littafi guda ya ishe shi: me ya lalace, yaushe, wa ya gyara, da me. Bayan wata uku mai shagon zai gane ko janareta ne ke cinye masa ciniki ko firinta.